Ruwan da Aka Hana Safiyanu

Duk wanda ya yi noman rani a Zandam ya san Safiyanu mai gyaran injin ban ruwa. Da kunne yake gane ciwon inji, kuma ko a tsakiyar cin tuwo aka kira shi sai ya tashi, don kada tumatirin wani ya bushe. Matarsa Kubra takan tsokane shi cewa jikinsa ne kaɗai injin da bai taɓa dubawa ba. Ga taurin kai, Allah ya ba shi.

Da ƙarfe ya yanke shi a ƙafa, maganin makanikai ya yi. Ya tsiyaya man birki, ya ɗaure da tsumma, ya koma fadama. Kwana shida ƙafa ta kumbura, zazzaɓi ya kai shi ga sambatu. Ko da aka isa asibiti a Birnin Kudu, cutar ta riga ta shiga jini, ƙoda ta tsaya cak.

Wata nas mai suna Sylvia ta zaunar da Kubra. "Inna, inji zai riƙa wanke masa jini har ƙodar ta farfaɗo. Alamar farfaɗowa fitsari ne. Kafin nan kada ki ba shi ruwa, don ruwan ba shi da hanyar fita."

Kubra ta riƙe maganar nan gam. Leɓensa ya tsage, yana roƙonta ko da cokali ɗaya, tana kau da kai. Ya kira ta mara imani. Ta ji zafin wannan har cikin ranta, amma ta ɓoye butar ruwansu a bayan gado, ta ci gaba da duba jakar fitsarin da aka maƙala masa. Kullum a bushe.

Sau biyu ana ɗora shi a inji, awon jininsa na sauka, ana cire shi tun ba a yi nisa ba. A karo na biyun ya kasa kunne, ya ce, "Injin nan lafiyarsa ƙalau. Rijiyar ce ta ƙafe."

Rana ta biyar, da hantsi, likita ya duba shi ya daɗe. Ba wanda ya turo injin. Sylvia ta dawo ita kaɗai, ta ɗauko butar da kanta, ta cika kofi, ta miƙa wa Kubra.

"Ba shi ya sha, Inna. Iya yadda yake so."

Kubra ta gane an cire rai. Ta tallabo kansa, ta kai kofin bakinsa. Ruwan ya gangaro ta gefen gemunsa, ya jiƙa matashi.