Auren da Bushta Ya So Ya Ɓoye a Daji

Bushta ya yi shekara talatin da biyar yana jan tasi tsakanin Sala da Tiflet. Fasinja shida, biyu a gaba huɗu a baya, sawu huɗu ko biyar a yini, hanyar kuwa ta tsakiyar dajin Ma'amora ta ratsa. A bakin dajin nan aka haife shi, a wani ƙauye da bai cika son ambaton sunansa ba. Ubansa ɓawon itace yake ɓarewa da gatari a lokacin zafi. Bushta ya tsero birni yana ɗan shekara goma sha bakwai, ya yi wankin mota, ya yi dako, har Allah ya kai shi ga sitiyari.

Babbar sa'ar da ya taka ita ce Kanza, 'yar wani mai shagon yadi a tsohon gari, wadda iyayenta suka ba shi suna yamutsa fuska. Ita ta gyara masa harshe, ta hana shi zuƙar shayi da ƙara, ta koya masa zama cikin mutanen birni ba tare da an gane daga inda ya fito ba. Bai taɓa jin haushin haka ba, godiya ma yake yi. Suka haifi 'ya'ya biyu mata: Nazha, wadda ta buɗe kantin magani ta auri lauya, da Ilham, malamar firamare. Ko sau ɗaya bai kai su ƙauyen ba. In an tambaye shi asali sai ya ce, "Can wajen Tiflet," ya sauya zance.

Da Kanza ta rasu, Nazha ta karɓi ragamar uban nata. Ita ke aiko da abinci, ita ke auna masa jini, duk wata takarda ta gidan tana cikin durowarta. Shekara huɗu yana zaune haka, a ƙoshe, a tsabtace, gidan shiru kamar asibiti.

Wata rana cikin kaka wata fasinja ta kama amai, ya tsaya a gefen titi inda mata ke sayar da ballut, 'ya'yan itacen dajin. Wata mace ta taso da buta ba tare da an kira ta ba, ta wanke wa fasinjar fuska, ta juyo kansa.

"Kai direba, mutane ka ɗauko ko buhunan gawayi? Ka bi da su a hankali mana."

Sunanta Yamna. Ta ba hamsin baya, mijinta ya daɗe da rasuwa, ba ta taɓa haihuwa ba. A haɓarta akwai shuɗin zane irin na matan da, irin wanda ke haɓar uwarsa. Yadda take jan magana kuwa, shekara arba'in rabon da ya ji wani ya yi masa magana haka.

Daga ranar motarsa ta koyi tsayuwa a wurin. Yau sayen ballut, gobe duba ruwan inji. Yamna ta ajiye masa akwatin katako na zama da kofi ɗaya da ba ta ba kowa. A gabanta yana zuƙar shayinsa da ƙara yadda ya ga dama. Bayan shekara guda ya ɗauki dunƙulen sukari biyu da yadi mai ruwan zuma ya kai wa yayanta na neman aurenta, aka ce an ba shi.

A nan wahalar ta fara. Sau uku yana zuwa kantin Nazha da maganar a bakinsa, sau uku yana fitowa da maganin tari. Da ya hango Yamna a zuciyarsa zaune a falon surukan Nazha, da zanen haɓarta da faso a ƙafa, sai gumi ya karyo masa. Da ya gane abin da yake wa gumin kuma, sai ya ji ya tsani kansa.

Dabarar ta zo masa ne a kan hanya. Wata safiya ya ga 'yan Rabat, saurayi da budurwa, sun shiga tsakanin itatuwa da farar rigar amarya, mutum biyar ko shida ne kawai tare da su, da mai ɗaukar hoto. Wani fasinja ya ce yayin zamani ne, yara sun gaji da bikin mutum ɗari huɗu. Da yamma Bushta ya kai wa Yamna labari.

"Mu ma haka za mu yi. Ni da ke, da yayanki, da abokina Mahjub, da adulai biyu, malaman nan masu rubuta aure. A cikin daji, inda muka haɗu. Ba hayaniya."

Yamna ta yi dariya har ta rufe baki da gefen mayafi. "Ni da nake wuni a daji, a daji kuma za a aurar da ni? To, 'ya'yanka fa?"

"Aiki ya yi musu yawa. Daga baya za mu yi musu walima."

Ta dube shi kaɗan, ta kira shi da sunan girma, ta ce, "Yadda ka ce, Si Bushta."

Bai taɓa yi wa wani abu tanadi kamar wannan auren ba. Ya yi kwana uku yana ajiye mota yana shiga dajin da ƙafa, har ya sami wani fili a ƙarƙashin wata tsohuwar bishiya mai faɗin inuwa, nesa da titi, inda ko ƙarar mota ba a ji. Ya share ganye, ya kwashe kwalaben da masu yawon shan iska suka bari. Ya gaida mai gadin daji ya nemi izini. Ya zaɓi Talata da hantsi, ranar da ba kowa a dajin. Ya sayi darduma sabuwa ja, ya ɓoye ta a but. Ya shirya da wata mai abinci a Tiflet ta dafa naman rago da busassun 'ya'yan itace. Adulan suka ce su ba su taɓa rubuta aure a kan gwiwa ba, ya ce zai kawo tebur.

Mahjub, wanda suka tsufa tare a tasha, bai raga masa ba.

"Ango, aure za ka ɗaura ko gawa za ka binne? Ka ce in zo da shebur?"

"Yayi ne, kai ba ka san zamani ba."

"Ni zan gaya maka zamani. Tsoho mai jikoki uku yana tsoron 'yarsa. Wallahi ko ɓarawon akuya ya fi ka sakin jiki."

Sauran takardu duk ya haɗa, saura ta rasuwar Kanza, wadda alƙali ba zai ba da izinin aure ba sai da ita. Tana wurin Nazha. Ya je kantin, ya tsaya yana kallon kwalabe, ya ce ofishin lasisin mota ne suke nema.

"Lasisi da takardar Mama? Wannan wane irin ofis ne?"

"Kin san su, kullum da sabon abu."

Ta kawo masa washegari a cikin ambulan, ta ce ya kula kada ta yamutse. Ya zauna a mota da ambulan a cinya, ya daɗe bai tayar da inji ba. Da sunan matar da ta riƙe shi shekara talatin ya yi wa 'yarta ƙarya.

Ana saura kwana biyu, ran Lahadi, yana zaune kan akwatinsa yana ɓare ballut, Yamna na zuba masa shayi, sai wata baƙar mota ta tsaya. Jikokinsa suka fara dirowa suna ihun "Kaka! Kaka!" Nazha ta fito bayansu. Sun fito shan iska ne, yara suka ce sai an saya musu ballut.

"Baba? Me kake yi a nan?"

Ya miƙe har shayin ya zube masa a wando. Yamna na tsaye da buta a hannu, fuskarta a sake, tana jiran ya yi magana. Ya ji bakinsa yana cewa, "Mota ce ta yi zafi. Wannan baiwar Allah ta taimaka mini da ruwa."

Bai tsaya nan ba. Ya zura hannu a aljihu, ya ciro dirhami biyu, ya ajiye a kan tiren. "Ga kuɗin shayi."

Yamna ta dubi kuɗin. Ta ɗauka, ta ce, "Allah ya amfana, direba." Ta auna wa yaran ballut, ta yi musu gyara mai yawa, ba ta sake kallon inda yake ba.

Washegari da sassafe yayanta ya same shi a tasha. Bai ɗaga murya ba. Ya ajiye leda a kan bonet, sukari biyu da yadin, ya ce, "Ta ce in gaya maka, ta ɗauka dajin kake so. Ba ta san rami kake nema mata ba." Direbobi na kallo. Mahjub ma ranar bai yi masa tsiya ba, ya kau da kai kawai.

Mako shida Bushta na wuce wurin sau takwas ko goma a yini. In ya doso sai ya ƙura wa titi ido, wuyansa ya sandare. Ta gefen ido yake ganin akwatin, ta kifa shi ta ɗora kwando a kai. Dardumar na but, ya rasa inda zai kai ta. Abincin Nazha yana zuwa yana komawa.

Ranar da ya je kantin a ƙarshe, sai da ya jira masu saye suka watse. Ya faɗi komai a tsaye, idonsa na kan sikeli. Ya faɗi sunan ƙauyen ma, da aikin ubansa.

Nazha ta saurare shi har ya gama. Sannan ta ce, "Na kira ofishin lasisi tun ranar, Baba. Ba su nemi komai ba. Na zuba ido ne in ga yaushe za ka gaya mini."

Ya sunkuyar da kai.

"Ranar Lahadin nan kuma, tun kafin mu tsaya na hango ka kana dariya. Rabon da in ga haƙoranka tun Mama na da rai. Sai ka tashi ka biya matar nan kuɗin shayi a gaban 'ya'yana. Ban san inda zan sa fuskata ba." Ta share ido da bayan hannu. "Amma kada ka ce na yi murna. Ban yi ba. Kuma ba za ta kwana a ɗakin Mama ba."

"Ba za ta kwana ba, 'yata."

Ilham ce ta raka shi wurin Yamna, don shi kaɗai ba zai iya ba. Ya tsaya a gabanta ya cire hula, ya kira ta da sunan girmamawa, ya ce, "Lalla Yamna, wannan 'yata ce ƙarama. Ilham, ga wadda na nema da aure, na wulaƙanta ta a gaban mutane."

Yamna ta rungume Ilham ta sumbace ta a kumatu, shi kuwa ta bar shi a tsaye. Sai da suka sha shayi su biyu suka gama, sannan ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Gaya wa babanki ban haƙura ba tukuna. Ya dawo Juma'a."

Juma'a huɗu yana dawowa. A ta huɗun ta ce ta yarda, kuma a dajin za a yi, tunda ya riga ya share wuri. Amma ba can ciki ba, kusa da titi, kuma ran Lahadi da rana tsaka.

Aka yi a watan Maris, ƙasa ta yi shar da ciyawa da fararen furanni. Mutum tara ne aka gayyata. Iyalan da suka fito shan iska suka yi ta matsowa suna leƙe, matan da ke sayarwa a bakin titi suka bar kayansu suka zo suka yi ta rangaɗa guɗa, wasu direbobi suka tsaya da fasinjojinsu suna danna oda. Da adul ya tambayi sunan ango da mahaifarsa, Bushta ya faɗa a hankali.

"Ɗaga murya, Si Bushta," in ji Yamna. "Malam bai ji ba."

Ya ɗaga. Kunnuwansa suna zafi har aka shafa fatiha.

Nazha ba ta zo ba. Ta aiko Ilham da bargo mai kauri guda biyu, ta ce ƙauye akwai sanyi. Bushta ya bar wa 'ya'yan gidan Sala, ya kama ɗaki biyu a kusa da yayan Yamna. Sai da babbar sallah ta zagayo Nazha ta taka ƙauyen, ta zauna a bakin katifa da jaka a cinya, ta ci abin da aka ba ta. Har yau "Lalla Yamna" take ce mata, Yamna kuma tana ce mata "Likita", kowacce ta tsaya inda ta tsaya.

Bayan shekara biyu idonsa ya fara yana, ya sayar da motar. Yanzu a bakin titi yake wuni, yana taya Yamna awo, kullum tana masa faɗa wai hannunsa ya cika nauyi, zai karya ta. Maganar abin da ya faru ba ta sake tayarwa ba. Shi ne wani lokaci, suna cikin aiki, zai tsaya cak ya ce, "Yamna, kin san dai..."

"Na sani," za ta ce. "Miƙo leda, ga mota can tana rage gudu."