Yadda Na Hana Alhaji Tattasai

Na daɗe ina aikin kontabul, wato mai lissafin kuɗi, a wani kamfanin sayen tattasai a Diffa. Ina da buro, ofis ke nan, mai sanyi, ina da babur, goggona da ta raine ni tana alfahari da ni a unguwa. Mai kamfanin wani Alhaji ne da bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce, “Kai, kontabul.”

Shekarar da kogin Komadugu ya yi ambaliya, ruwa ya doso unguwarmu. Jama'a suka fito ana cika buhuna da rairayi don a tare shi, buhunan suka ƙare. Na san magazan ɗin Alhaji, inda yake ajiyar kaya, cike yake da buhunan da ba kome a ciki. Na same shi na durƙusa.

“Alhaji, a taimaka mana da buhuna, ruwa zai ci gidaje.”

Ko ɗago kai bai yi ba. “Wa ya ce su yi gini a bakin kogi? Buhunana na kaka ne. Koma kan aikinka.”

Ban koma ba, na tafi bakin ruwa. Muka yi iyakar ƙoƙarinmu, amma ruwan ya fi ƙarfinmu. Ɗakin goggo ya rufta, muka fito da ita a kan amalanke. Ta zauna cikin tanti, sanyi ya kama mata ƙirji, ba ta ga kaka ba. Alhaji bai zo gaisuwar rasuwar ba. Mai gadi ya turo ya ce mini an ba wani kujerata.

Na samu tayin aiki a Zinder, na ƙi. Na shiga ƙungiyar manoman bakin kogi. Mu ne gyaran madatsar ruwa, mu ne sasanta rigimar gona, mu ne nema wa ƴan gudun hijirar Najeriya aron fili su ma su shuka. Na yi baƙi, na rame, babur ya tafi. Amma daga Diffa har Baroua ba gidan da zan shiga a bar ni in fita ban ci tuwo ba. Duk tsawon zamana a buro ban san mutum goma da za su tashi dominna ba.

Sai dai ba zan ce don Allah kaɗai na yi abin da ya biyo baya ba. Ina riƙe da Alhaji a zuciya, kuma na jira.

Da ƙungiya ta yi ƙarfi, muka shirya mu riƙa sayar da tattasai tare. Na bi ƙauye ƙauye ina zama gaban bulama, wato mai gari, ina ba da labarin ranar ambaliya. Ban ƙara kome a kai ba. Wani tsoho ya ce, “Ashe shi ne? To, ko zai saya da zinariya ba ni ba shi.”

Kaka ta yi, tattasai ya yi ja a shanya ko'ina. Motocin Alhaji suka shigo, suka yi ta zagaye, suka koma wayam. Muka sayar wa wasu fatake. Da abin ya ishe shi ya zo da kansa, ya tarar da ni a tabarma cikin manoma. A ranar ya kira sunana, sannan ya ce:

“Ɗana, abin da ya wuce ya wuce. Ka dawo, in ɗora ka kan kamfanin gaba ɗaya.”

“Alhaji, ina da aiki,” na ce.

Ya juya ga manoma yana roƙo da Hausa, suka yi ta amsa masa da Barbarci, alhali duk suna jin Hausa. Ba wanda ya matsa masa a tabarma. Na zuba masa ido yana share gumi da bakin rawani, wallahi na ji daɗi har cikin ƙashina.

Daga nan Alhaji bai sake tashi a kasuwanci ba. Ya sayar da motocin, ya koma Mainé-Soroa wajen ƴaƴansa. Limaminmu ya sha ce mini in yafe. Nakan ce masa, “Malam, ka sa ni a addu'a.” Har yau dai ban yafe ba.