Muhawarar Auren Jinsi da Ƙuri'a Ta Ɗora Mini a Guangzhou

Abubuwa da yawa sun same ni a shekaru ukun da na yi ina karatu a Guangzhou, wasu har sun fara dushewa a raina. Amma muhawarar da aka sa ni na yi a kan auren jinsi a Amurka, ita kam ba na jin akwai ranar da za ta fita daga kaina.

Lokacin ina digiri na biyu a fannin hulɗar ƙasa da ƙasa, da tallafin karatu irin wanda idan ka faɗi kwas ɗaya sai ka haɗa kayanka. Cikin kwasa-kwasan akwai siyasar Amurka, wata malama 'yar China ce take koyar da mu, gajeriya mai furfura, ba ta ɗaga murya amma kowa yana shakkarta. A shekarar ne babbar kotun Amurka ta yanke hukuncin cewa dole kowace jiha ta amince da auren jinsi, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu. Sai malamar ta ce jarrabawarmu ta ƙarshen zango muhawara ce a gaban malamai uku, bibbiyu za a haɗa mu, kuma ƙuri'a ce za ta ba kowa batunsa da ɓangarensa.

Na sa hannu a kwali na zaro takarda. Na karanta, na sake karantawa. Auren jinsi, ɓangaren masu goyon baya. Abokiyar karawata wata Ba'amurkiya ce, doguwa mai yawan dariya, wadda ta zo yin zango ɗaya kawai. Ita ta zaro ɓangaren masu adawa, na ga dariyar nan tata ta ɗauke. Ana tashi muka bi malamar har ofis, ba tare da mun ma yi shawara ba, muka roƙe ta ta bari mu yi musaya.

Ta dube mu ta saman tabarau ta ce, "Babu musaya. Abin da kuka yarda da shi ai kun riga kun san shi. Wanda ba ku sani ba nake so ku koya."

Ba faɗuwa kaɗai nake tsoro ba. Na san yadda magana take yawo a tsakaninmu 'yan Arewa. Mutum ɗaya ya ɗauke ni a waya, kafin la'asar hoton ya isa Kano, an ce ga 'yar wane can a China tana kare auren jinsi. Wa zai tsaya ya ji cewa ƙuri'a ce?

Ranar Asabar na hau jirgin ƙasa na nufi unguwar Xiaobei, wajen kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda yake da ofishin tura kaya a ginin Tianxiu. Na same shi yana liƙe kwalaye da salatif, wani abokinsa ɗan kasuwa daga Maraɗi yana zaune yana shan shayi. Na zayyana musu komai, har da ƙwalla.

Alhajin Maraɗi ya ajiye kofi ya ce, "Subhanallahi! Ɗiyata, mi ya kai ki ga wannan? Ki ce musu ba ki da lafiya, shi ke nan."

Kawu ya gama liƙe kwalin da ke gabansa. Sannan ya ce, "Ke 'yar nan, da aka turo ki, ce miki aka yi abin da kika yarda da shi kaɗai za ki karanta? Matsayin addininki kin san shi, na san shi. Ki gaya musu tun farko cewa bayanin hujjar wasu za ki yi, sannan ki yi bayanin da kyau. Abin da ba zan lamunta ba shi ne ƙarya, ko a kan addininki, ko a kan mutanen can, ko ta ciwon da ba kya yi. Babanki kuma ni zan kira shi yau, ya ji daga bakina kafin ya ji daga na wani."

Na koma wajen malamar na nemi abu biyu: a hana ɗaukar hoto, a kuma bar ni na faɗi jimla ɗaya a kaina kafin na fara. Ta amince da duka biyun.

Sai aikin kansa. Na shiga ɗakin karatu na tarar ashe ban san komai ba. Ban san cewa kafin a kai ga maganar aure, wasu jihohin sun ƙirƙiro wani abu na tsakiya ba, wato rajistar zaman tare, wadda take ba mutum biyu wasu haƙƙoƙin ma'aurata amma ba a kiranta aure. Ban san cewa shekaru da yawa manyan 'yan siyasarsu suna raɓewa a wannan tsakiyar ba, su ce sun yarda da rajista amma aure na namiji da mace ne, don kada su rasa ƙuri'un kowane ɓangare. Abin da na kasa fahimta shi ne, tunda an ba su rajistar, me ya sa suka nace sai aure?

Wata rana bayan azahar na ja Ba'amurkiyar muka je wani shagon taliya na Musulmin China, na yi mata wannan tambayar kai tsaye. Ta daɗe tana juya taliyarta, sannan ta ce, "Ni mata biyu ne suka raine ni. Duka biyun Mama nake ce musu."

Tsinken cin abincin da ke hannuna ya tsaya cak. Ban san inda zan sa idona ba.

Ta ce tana 'yar shekara tara suka yi tafiya a mota zuwa wata jiha, suka yi hatsari, wadda ta haife ta ta ji mummunan rauni. Da aka kai ta asibiti, ɗaya Maman, wadda take yi wa yarinyar kitso, take kai ta makaranta, ta fito da takardar rajistarsu, aka ce a wannan jihar ba a san ta ba, dangi kawai ake bari su shiga. Ita da wannan Maman suka zauna a baranda su biyu tun hantsi, ba wanda yake gaya musu ko tana raye, sai da wani ɗan'uwan majinyaciyar ya iso daga nesa. Ta ce, "Takardar tana aiki a gida, muna tsallake iyakar jiha ta zama banza. Amsar tambayarki ke nan."

A yanzu da na manyanta nake iya faɗin abin da na ji a lokacin: kunya. Duk shekarun da nake jin wannan magana, ban taɓa kawo wa raina cewa akwai wata yarinya a barandar asibiti a cikinta ba.

Sai ta share ido ta ce, "To ni ma ki taimake ni. Ni a wajena duk mai adawa maƙiyin iyayena ne. Idan na tsaya da wannan a raina, faɗuwa zan yi." Na ce mata ni ga ni zaune a gabanta, addinina bai halatta wannan aure ba, amma ban ƙi ta ba, kuma da ni ce a ƙofar asibitin nan da ban iya barinsu a baranda ba. Na yi mata bayanin yadda mai addini yake ganin aure a matsayin umarnin Ubangiji, wanda ɗan'adam ba shi da ikon sauya masa ma'ana. Muka tono sauran hujjojin tare: masu cewa jama'a ne ya kamata su yanke da ƙuri'arsu ba alƙalai tara ba, da masu tsoron za a tilasta musu yin abin da imaninsu ya hana. Ba a kullum abin ya tafi lami lafiya ba. Akwai ranar da ta tattara littattafanta ta fita a fusace, kwana biyu ba ta gaishe ni ba, a na uku ta zo ta ajiye mini lemon zaƙi a kan tebur ta zauna muka ci gaba.

Ranar muhawarar zauren ya cika, har da ɗaliban wasu sassa, na kuma hango 'yan Arewa huɗu a layin baya. Na miƙe, na gyara mayafina na ce, "Ni Musulma ce, addinina bai yarda da auren jinsi ba, ni ma a kan haka nake. Amma yau an ba ni amanar hujjar wasu mutane, zan kuma isar da ita ba ragi." Daga nan bakina ya buɗe. Na bi tarihin daga rajista zuwa hukuncin kotu, na kawo maganar gado da fansho da jinya, na ba da labarin barandar da izinin mai shi, ban faɗi ko wace ce ba.

Ita kuma da ta tashi, sai na ji ta tana faɗin abin da ke zuciyar mai addini tiryan-tiryan, ba izgili, ba murguɗa baki, ba ta kuma tsallake ko ɗaya ba. Ni kaɗai a zauren na san nauyin abin da take ɗauke da shi.

Wani tsohon farfesa a cikin malamai ukun da ke alƙalanci ya yi mana tambayoyi masu zafi, muka amsa. A ƙarshe ya cire tabarau ya ce ya daɗe yana sauraron ɗalibai, kowa yakan kawo hujjar abokin gaba ne a raunane don ya ji daɗin rusa ta, yau ya ga akasin haka. Mu muka zo na ɗaya a ajin. Malamar nan da ba ta yabon kowa ta miƙe tsaye tana tafi. Ba'amurkiyar ta rungume ni muna dariya muna kuka. Ɗaya daga cikin 'yan Arewan ya tare ni a ƙofa ya ce, "Wallahi Hajiya, zuwa na yi in ga yadda za ki kwashe, sai ga shi kin fitar da mu kunya." Na kira Kawu tun ina kan matakala, na ji shi yana ta hamdala yana gaya wa duk wanda ke ofishin.

Ban sauya aƙidata ba, ita ma ba ta sauya tata ba, kuma har yau muna gaisawa. Darasin da na tsira da shi shi ne, sanin hujjar mutum ba ya rage maka imani, kuma bai kamata ka yanke wa mutane hukunci a kan abin da ba ka taɓa zama ka ji daga bakinsu ba. Yanzu ni ma koyarwa nake yi, kuma duk ɗalibin da ya zo zai soki wani ra'ayi a gabana, sai na ce ya fara faɗa mini ra'ayin yadda mai shi zai ji ya ce, "Haka ne, abin da nake nufi ke nan." Idan ya iya, to ya soka, ina saurare.