Kan Gidan Sammani

A wani ƙauye gab da dajin Ruma, duk wanda ya san Sammani ya san shi da tafkin bayan gonarsa. Kakanninsa masu addinin gargajiya ne, kuma kan gidansu, wato dabbar da zuri'ar ba ta kashewa ba ta ci, shi ne karen ruwa. Sammani a Musulunci ya tashi, salla ba ta wuce shi, amma wannan abu ɗaya ya riƙe shi gam. Karnukan ruwa biyu suka rage a tafkin, ya ɗauke su tamkar ƙannensa.

Mutane fa ba su bar shi ya sarara ba. Wasu su ce kare ai kare ne ko a ruwa yake, wasu su ce kifi ne mai gashi, a kama a ci. Shi kuwa ya ce ba kare ba ne, ba kifi ba ne, nono yake ba 'ya'yansa kamar akuya. Mati, abokin wasansa, ya kan tsokane shi: to kwaɗin nan da ke maƙale a ganyen itatuwan bakin tafki, su kuma tsuntsaye ne? Sai Sammani ya ja tsaki. 'Yan korayen abubuwa masu cika kunne da damina, wa ya damu da su? Ba kan gidan kowa ba ne.

Sai shekarun wahala suka zo. 'Yan bindiga suka hana noman gonakin nesa, yunwa ta shigo gari. Samari suka nufi tafkin da tarko, Sammani ya tare su da gora, ya fatattake su. To amma shi ma da bakuna a gida. Ya ɗauki gatari ya bi itatuwan bakin tafkin ɗaya bayan ɗaya, yana ƙona gawayi, 'yan babur suna kwasa zuwa Batsari da Safana. Wallahi ko a ransa bai kawo komai ba.

Damina ta dawo, tafki tsit, ko kwaɗo ɗaya bai yi kuka ba. Ruwan sama ya zaftare gaɓa, ramukan karnukan ruwan da ke ƙarƙashin saiwoyi suka rufta, tafkin ya koma taɓo. Karnukan ruwa suka ɓace, ba kuma wanda ya taɓa su.

Mati ya iske shi zaune a kan kututture, gatarin na gefensa. Ranar bai yi masa wasa ba. Can Sammani ya ɗago, idonsa jawur.

"Na tsare su daga hannun kowa, Mati," in ji shi. "Ashe gidansu ɗaya da kwaɗin nan."