Fuskar da Baba ya ƙi mayarwa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifinmu Haruna, wanda ake kira Usta, wato gwanin sana'a. Masu ta'aziyya sun yi ta cewa mutum ne mai taushin hannu. Ba su yi ƙarya ba, hannun ne kawai mai taushi.

A unguwar Khalidiyya ta Madina kafinta aka san shi. Mu 'yan gida muka san cewa tun yana saurayi a Sudan ya koyi gyaran tsofaffin zanen coci a wurin wani Kirista ɗan Masar. Da ya juya allon zane ya ga bayan katakon, zai faɗa maka ko tsoho ne ko jabu.

Wata rana wata Bahabashiya Kirista, mai aiki a gonar dabino a Badar, ta aiko masa da allon kakarta: zanen Maryamu rungume da jariri, hayaƙin kyandir ya mayar da shi baƙi ƙirin. Baba ya naɗa auduga a tsinke, yana jiƙa ta da miyau, yana gogewa a hankali har idanu suka fito. Ban taɓa ganin ya share wa ɗayanmu hawaye haka ba.

Yayana Bashir, yana ɗan shekara ashirin, jini na tafasa, ya ce haramun ne a ajiye wannan a garin Manzo. Baba na masallaci, Bashir ya sa ƙusa ya kankare fuskar Maryamu.

Baba bai dake shi ba. Da ma ya dake shi. Ya cike ramin da alli da gam, ya shafa launin ƙasa, bai zana komai ba. Ya ce mai gyara ba ya ƙirƙiro abin da ya ɓace, barin tabo ake yi a gani. Haka ya mayar wa matar amanarta. Daga ranar, ya daina yi wa Bashir magana, gaisuwarsa kawai yake amsawa, ita ma da ka.

Yanzu na'ura na iya zana kowace fuska kafin ƙiftawar ido. Na san abin da Baba zai ce: tsaki.

Da ciwon ajali ya kwantar da Baba, Bashir ya durƙusa, ya lalubo Hausar da ya daɗe da yarwa.

"Baba, ka yafe mini."

"Ba nawa ka ɓata ba. Je ka roƙi mai allon."

Baba ya sani sarai an daɗe da mayar da matar ƙasarsu, kuma ba wanda ya san garinta.

An ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Namu ba su shirya ba. Ƙofofin da Baba ya sassaƙa duk an canza su da na ƙarfe. Abin da ya rage nasa shi ne Bashir, da furfurarsa, yana tsayar da duk Bahabashiyar da ya gani a kasuwar dabino, yana tambaya ko kakarta ta bar mata allo.