Ranar da Jarida ta Mai da Ni Balarabe

Ko tsufa ya sa na manta hanyar gidana, ba zan manta da Juma'ar da na je kallon ƙwallon besbol na kusa rasa iƙamata ba, wato takardar izinin zamana a ƙasar Larabawa.

Lokacin ina aiki a wani kamfanin kwali a Madinar Masana'antu. 'Yan Filifin da muke aiki tare suna da wannan wasa da suke yi bayan la'asar: a jefo ƙwallo, mutum ya make ta da kulki, ya yar da kulkin ya ruga. Har yau iyakar abin da na gane ke nan. Da mutum ɗaya ya kasa musu, sai suka ɗauki abokina, wani Babarbare ɗan Chadi, ƙato, baƙi wuluk. Ni kuwa Bafulatani ne daga Nijar, fari siriri. Fulani da Barebari abokan wasa ne tun kaka da kakanni, don haka ban taɓa kiran sa da sunansa ba. "Bawana" nake ce masa, shi kuma ya ce mini "ɓarawon shanu".

Muka cika mota daga unguwarmu ta Madain Fahd muka je kallo. Abokin nawa ya yi ta dukan iska, da ƙyar ya sami ƙwallon, sannan ya ruga da kulkin a hannu, kuma ta ɓangaren da ba nan ake bi ba. Ina zan iya yin shiru? Na miƙe ina zuba masa da Hausa. Da na ga sauran jama'a ba sa amfana, sai na juya harshe zuwa Larabci don kowa ya ji daɗi: "Yalla ya bawana, kakana ya yi asarar sayen kakanka!"

Ashe akwai wata 'yar jarida da ta zo ɗaukar rahoto kan wasannin baƙi. Washegari hotona ya cika wayoyi. Saboda rana na yafa shimagi a ka, wato mayafin kan mazan Larabawa, sai aka rubuta cewa wani Balarabe da 'yan kallo sun nuna wa ɗan wasa wariyar launin fata. Ni da 'yan tasi suka sha wuce ni a titi saboda ni ɗan Afirka ne, yau jarida ta mai da ni Balarabe kyauta. Matata ta yi dariya har da hawaye, sai da aka ce mudirin kamfani, wato manajanmu, yana nema na sannan ta daina.

Gaskiya na ji tsoro. Kamfanin ne kafilina, wato shi ya tsaya mini nake zaune a ƙasar, iƙamata ta kusa ƙarewa, yarana suna makaranta. Mudir ya ce sunan kamfani ya ɓaci, idan wanda na zaga ya ce an zalunce shi, shi ke nan, sai tafiya gida.

Aka tara mu a ofis har da 'yar jaridar. Aka ba Babarbare kujera mai laushi da lemo mai sanyi, ni aka bar ni a tsaye. Ya harɗe ƙafa yana kurɓa a hankali, yana kallo na ta saman kofi. Na raɗa masa da Hausa, "Don Allah yau dai ka yi hankali." Ya ce, "Yi shiru, manya suna magana."

'Yar jaridar ta tambaye shi a tausashe yadda ya ji da aka kira shi bawa.

Ya ce, "Wallahi raina ya ɓaci, ya ustaza, domin ƙarya ya yi. Shi ne bawana. Kakansa kiwo yake yi wa kakana, har ya gudu da saniya."

Mudir ya dafe kai. Ya kira mutum ɗaya mai wariya, ga shi ya sami biyu. Na yi ta bayanin cewa al'ada ce, cewa inda wannan wasa yake ba a zare wuƙa, amma da Larabci duk abin da na faɗa sai ya ƙara muni. A ƙarshe mudir ya gaji, ya juya ga Babarbare ya ce, "Ya shaikh, magana ɗaya. In kore shi ko in bar shi?"

Sai Babarbare ya ajiye kofin. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

Ya ce, "Tun da na zo garin nan kowa 'ya sadik', wato 'aboki', yake ce mini, ba wanda ya taɓa tambayar daga ina na fito. Wannan siririn kaɗai ya san ni ɗan wane ne, har ya iya zagin kakana. Idan kun kore shi, ku haɗa da ni."

'Yar jaridar ta kashe wayarta, mudir ya ce mu fice masa daga gani. A bakin ƙofa na juya zan yi wa Babarbare godiya. Ya ce, "Kada ka soma, ɓarawon shanu."

Ba a taɓa gyara labarin ba, amma an sabunta mini iƙama. Abin da na koya shi ne, wasan gida ba a fassara shi a gaban baƙi, domin su zagin kawai za su ji. Kuma a ƙasar da ba taka ba, ka riƙe wanda ya san ka har ya iya tsokanar ka, domin masu gaishe ka da ladabi ba lallai su lura ba ranar da ka ɓace.