Yadda Gwadabe Ya Aika Kuɗinsa Jidda Kyauta

A Unguwar Gai ba a taɓa jin wanda ya ci kwabon Gwadabe mai gyaran keken ɗinki a banza ba. Shekara talatin da ɗaya yana wannan sana'a, tun yana yawo da akwatin kayan aiki a bayan keke har ya kafa rumfa a bakin hanyar Kibiya. In zai sayar da akuya, shi ne mai ita, shi ne dillali. Katin waya na naira ɗari yakan kai masa wata guda, domin da ya ji ta shiga sai ya katse, a biyo shi.

A damunar 2024 wani mutumin Madachi, Alhaji Mika'ilu, mai shagon teloli a Jidda, ya aiko masa cewa kekunansa sun gaji da hannun 'yan koyo. In Gwadabe zai zo ya zauna, za a ba shi kashi ɗaya cikin uku na shagon, muddin ya kawo riyal dubu goma sha biyar kafin azumi. Da kaka ta yi, ya sayar da gonarsa da shanun huɗa biyu, ya haɗa naira miliyan shida.

Saura yadda kuɗin za su tsallaka. Ya shiga Kano, banki suka miƙo masa takardu har kala huɗu, ya fito. Ya je wajen wani ɗan canji a Wapa, aka ce za a ba shi riyal ɗinsa a Jidda ranar da ya sauka, amma ladan aiki naira dubu tamanin. Sau uku yana sa a maimaita masa.

"Dubu tamanin na me, Alhaji? A ka za ka ɗauke su ka haye teku?"

A motar komawa Rano dabara ta faɗo masa. Surukinsa Ramalan, mijin 'yarsa ta fari Muhsina, direba ne a Jidda, kuma yana gina gida a Rano. Duk wata sai an yanki wani abu a kuɗin da yake aiko wa magini. To me zai hana Gwadabe ya zuba miliyan shidansa a ginin nan, Ramalan ya ba shi riyal a can? Kowa ya tsira, ɗan canji ya sha iska.

Matarsa Kulu ta saurara har ya gama.

"Malam, da wane baki za ka tambaye shi? Mutumin da ko sunan matarsa ba ka iya faɗa?"

Ya ce mata lissafi ba na mata ba ne. Washegari ya kai wa magini kuɗin, ya karɓi rasit. Da yake ba ya iya kiran suruki a waya a yi maganar kuɗi, sai ya bar wa maginin saƙo: a gaya wa yaron nan Baba ya zuba nasa, shi ya san sauran.

Ya sauka Jidda ranar tara ga Janairu. Ramalan ya tarbe shi, ya durƙusa har ƙasa, ya karɓi jaka, bai ɗago ido ba har gida. Aka ba shi ɗaki mai sanyi. In Gwadabe ya shigo falo, Ramalan ya zame ta kicin. Muhsina ta ajiye abinci a bakin ƙofa ta koma. Bayan kwana uku aka kawo masa jallabiya biyu da turare. Mako na biyu aka kai shi Umra. Mako na uku agogo.

Gwadabe ya fara gwada hanyoyin da kunya ta bari. Yakan yi gyaran murya in ya ji motsin suruki. Ya ajiye rasit ɗin magini a kan talabijin. Aka goge masa ƙura, aka sa shi a leda, aka mayar wurinsa. Wata rana ya daure ya fuskanci bango ya tambaya ko ginin Rano ya kai linta. Daga bayan labule Ramalan ya ce an ma yi rufi, Allah ya saka wa Baba da Aljanna. Gwadabe ya ce amin.

Alhaji Mika'ilu kuwa ba surukin kowa ba ne. Ya tambayi kuɗin sau biyu. Da aka ga watan azumi, ya ba wani ɗan Yaman kason.

Sai bayan salla maganar ta fito. Kulu ma ba ta iya yi wa 'yar fari zancen, don haka ta gaya wa ƙanwarta, ƙanwar ta kira Muhsina, Muhsina ta gaya wa mijinta. Ramalan ya kwana biyu bai ci abinci ba. Ya ce shi wallahi gudummawa ya ɗauka, tunda Baba bai taɓa ɗaga zancen ba, kuma wane ɗan halak ne zai mayar wa uba kyautarsa? Riyal dubu goma sha biyar kuwa ba shi da su; duk abin da ya tara yana jikin kwanon rufi da siminti.

Yanzu duk ƙarshen wata Gwadabe yakan tarar da riyal ɗari biyu a ƙarƙashin sallayarsa. Ba ya tambaya, ba a gaya masa. In komai ya tafi daidai, za a gama cikin shekara shida da wata uku. Yana nan a shagon Alhaji Mika'ilu yana gyara kekuna a kan albashi, ɗan Yaman ne ke gaya masa lokacin tashi. Kulu, wadda aka ce za ta biyo shi da zarar shago ya kankama, tana Unguwar Gai tana awon hatsi kwano-kwano.

Duk mutumin Rano ko Kibiya da ya zo gyaran keke ya yi ƙorafin abin da 'yan canji ke yanka, Gwadabe yakan ajiye sukundireba ya ba shi shawara ya nemi ɗan'uwa mai gini a gida. Yakan ce shi miliyan shida ya aiko, ko kwabo ba a cire masa ba.